Ganga Dogarau: Tambayar Turancin da Ta Tona Asirin Hausata

Shugabannin zaure sun ɗora mini nauyin wannan makon, ni kuwa na zaɓi in taɓo abin da yawancinmu muke gudu kamar maciji, wato nahawu. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Kwanakin baya da daddare ina zaune a tsakar gidanmu a Unguwar Dosa, an ɗauke wuta, sai ga ƙanwata mai shirin jarrabawar WAEC da fitilar waya da littafin tsofaffin tambayoyi. Duk wanda ya zauna wannan jarrabawa ko ta NECO ya san tambayar nan da ba ta cika fashi ba a takardar Turanci: a ciro wasu kalmomi daga cikin labarin da aka ba ka, a ce ka faɗi sunansu a nahawu, sannan ka faɗi aikin da suke yi a cikin jimlar. Ta ce, "Yaya, ni fa canke nake yi a wannan tambayar. In na ga who sai in rubuta adjectival clause, in na ga when sai in rubuta adverbial clause, in na dace shi ke nan." Na yi dariya, domin ni ma haka na yi a zamanina. Sai da na shiga kwalejin kimiyya da fasaha, a darasin Turanci na shekarar farko ta difloma, wani malami, Allah Ya saka masa da alheri, ya fahimtar da mu cewa aikin da ganga take yi a jimla shi ke raɗa mata suna, kalmar da ta buɗe ta kuwa tana iya yaudararka.

Na yi mata bayani ta gane. Tana tattara littattafanta sai ta jefo mini wata: "To a Hausa ma akwai irin wannan?" Na ce akwai mana. Ta ce in nuna mata a cikin labarin da nake rubutawa. Na buɗe wayata na miƙa mata ina taƙama. Ta fara karanta sakin layi na farko da ƙarfi, jimla guda ce doguwa mai "wanda" har huɗu a ciki. Tana kaiwa tsakiya ta tsaya ta dube ni ta ce, "Yaya, wai wa ya mari wa?" Na karɓi wayar na sake karantawa. Wallahi ni da na rubuta sai da na yi tunani kafin na tuna.

Tun daga daren nan nake da ra'ayin da zan kare a yau: duk mai son ya rubuta Hausa mai kyau a wannan zamani, ya kamata ya iya gane ire-iren ganga dogarau na Turanci, kuma ya san daidai inda Hausa ta raba hanya da su. Dalilina shi ne, mu 'yan boko da Turanci aka koya mana rubutu tun daga firamare. Ƙirar jimlarsa tana zaune a kawunanmu ko mun so ko mun ƙi. Wanda bai san kamanninta ba, ba zai gane ta ba idan ta saci jiki ta shigo cikin Hausarsa.

MECE CE GANGA?

Ba ta makaɗa nake nufi ba. A nahawu, ganga tarin kalmomi ce mai ɗauke da mai aiki da kuma aikatau. Iri biyu ce. Akwai tsayayya, wadda take cika ma'ana ita kaɗai, kamar "Bala ya dawo." Akwai kuma dogarau, wadda ko da tana da mai aiki da aikatau, ba ta iya tsayuwa sai ta jingina da wata, kamar "da Bala ya dawo". In ka faɗi wannan ka yi shiru, mai sauraro zai ce maka, "Sai aka yi yaya?" Wannan tambayar ita ce shaidar cewa gangar dogarau ce. Kamar keke take, in ba ka jingina ta da bango ba faɗuwa za ta yi.

Waɗannan sunaye ba ni na ƙirƙiro su ba, su ake koyarwa a darasin Hausa na makarantu. Masana sun daɗe suna wannan aiki. Farfesa M.K.M. Galadanci ya fitar da littafinsa na gabatar da nahawun Hausa a 1976. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. A 2000 kuma Paul Newman na Amurka ya fitar da babban kundinsa na nahawun Hausa mai shafi sama da 700. Kun ga ke nan ba kayan aiki muka rasa ba, leƙawa ce ba mu yi.

IRI UKU NA TURANCI

Malaman Turanci sun kasa ganga dogarau gida uku, gwargwadon aikin da take yi.

Ta farko ita ce mai aikin suna, wadda suke kira noun clause. Tana zama a gurbin da suna zai zauna, ko a matsayin mai aiki ko wanda aiki ya faɗa wa. Misali: "What she said surprised me." Gwajinta mai sauƙi ne: cire ta ka sa it a wurin. "It surprised me." Jimla ta zauna daram, to gangar suna ce. Haka ma "I know that he is lying", kana iya cewa "I know it." Tambayar da take amsawa ita ce "mene ne?"

Ta biyu ita ce mai aikin sifa, adjectival clause ko relative clause. Tana bin bayan suna tana fayyace shi. "The man who sold me this phone has travelled." Wane mutum? Wanda ya sayar mini da wayar. Tambayarta ke nan: "wanne?" ko "wacce?" Kullum za ka tarar da sunan da take siffantawa a gabanta.

Ta uku ita ce mai aikin bayanau, adverbial clause. Ita aikatau take yi wa ƙarin bayani: yaushe aka yi, a ina, don me, ta yaya, bisa wane sharaɗi. "We left when the rain stopped." "He failed because he did not read." "If you come early, you will meet him." Wata alamarta ita ce sau da yawa kana iya ɗauke ta daga ƙarshen jimla ka kai ta farko ba tare da ma'ana ta lalace ba.

Yanzu ga tarkon da ƙanwata take faɗawa. Ku dubi kalmar where a waɗannan jimloli:

I know where he lives.
The house where he lives is old.
He sleeps where he works.

A ta farko gangar suna ce, domin ita ce abin da na sani. A ta biyu gangar sifa ce, domin gidan take fayyacewa. A ta uku gangar bayanau ce, domin tana faɗin wurin da ake yin barcin. Kalma ɗaya, aiki uku. Wanda ya haddace cewa where ta wuri ce kawai, zai ci ɗaya ya faɗi biyu. Idan kana da ƙane ko ƙanwa mai shirin jarrabawa, wannan kaɗai ka koya masa ka yi masa babbar rana.

INDA HAUSA TA RABA HANYA

Nan ne maganar ta shafe mu a matsayinmu na marubuta.

Abu na farko, Turanci yana raba who da which bisa mutum ko abu. Hausa ba ruwanta da wannan, jinsi da adadi take dubawa: wanda, wadda ko wacce, waɗanda. Wanda ya yi karatun Alfiyyar Ibn Malik a zaure zai ga abin bai zame masa baƙo ba, domin babin mausuli haka yake: allazi na namiji, allati ta mace, allazina na jam'i. A wannan gaɓar Hausa ta fi kusa da Larabci nesa ba kusa ba. Kuma wannan bambanci yana da amfanin da muke zubarwa. In ka rubuta "Ya auri ƙanwar Bala da ke Kano", mai karatu bai san wa ke Kano ba, Bala ko ƙanwar. Amma da ka ce "ƙanwar Bala wadda take Kano" ko "ƙanwar Bala wanda yake Kano", magana ta fito fili. Marubucin da ya mayar da komai "wanda", ya rubuta "matar wanda ta zo" ko "yaran wanda suka tafi", ya jefar da wannan makami da hannunsa. A hira a bakin titi ana faɗin haka kuma ana fahimta, domin ga fuska ga murya. A takarda babu mai ceton ka.

Abu na biyu, Hausa tana da ƙararrawar da Turanci ba shi da ita. Bature zai ce "they came", ya kuma ce "the people who came", aikatau bai motsa ba. Mu kuwa "sun zo" muke cewa, amma "mutanen da suka zo". "Suna aiki", amma "mutanen da suke aiki". "An gina", amma "gidan da aka gina". "Mun saya", amma "motar da muka saya". "Kin dafa", amma "tuwon da kika dafa". Da zarar an shiga gangar sifa, lamirin yana sauya riga. A nan Kaduna, inda ƙabilu da yawa suke hulɗa da Hausa a kasuwa da tasha, za ka ji wanda ya koye ta da girma ya ce "mutanen da sun zo". Babu laifi a gare shi, ya ma yi ƙoƙari. Amma in hakan ya fito a littafinka daga bakin mai ba da labari, mai karatu zai ji kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa.

Abu na uku, Turanci yana iya jefar da mahaɗinsa: "The book I bought is missing." Babu that, babu which, kuma jimla lafiyarta ƙalau. Hausa ba ta yarda a jefar da "da" ba: "Littafin da na saya ya ɓace." Sannan Hausa tana son ta waiwayi sunan da wakilinsa a inda Turanci ya haramta. Mu "wuƙar da na yanka naman da ita" muke cewa, kuma "yarinyar da na ga babanta". Masu nahawun Larabci ma suna da wannan wakilin suna mai komawa baya, suna kiran sa a'idi. Ɗalibin da ya kwashi wannan ya kai Turanci shi ne yake rubuta "the girl that I saw her father" a soke masa, alhali "the girl whose father I saw" ake so. Kun ga ashe cutar tana tafiya ta ɓangare biyu: Hausa tana ɓata wa wasu Turanci, Turanci yana ɓata wa wasu Hausa. Maganin duka ɗaya ne, a san iyakar gonar kowa.

Abu na huɗu ya shafi gangar bayanau, kuma a nan ne na fi jin daɗin harshenmu. Ku dubi waɗannan:

Da suka iso Kawo, sai ruwa ya kece.
Da sun iso Kawo, ka kira ni.
Da sun iso Kawo da wuri, da sun sami mota.

A rubuce "da" ɗin iri ɗaya ne. Amma ta farko labarin abin da ya riga ya faru ne, inda Bature zai sa when. Ta biyu abin da ake jira ne, wato da zarar, inda zai sa as soon as. Ta uku nadama ce a kan abin da bai faru ba, inda zai sa if they had. Bambancin "suka" da "sun", da kuma "da" ta biyu da ta dawo a jimla ta uku, su suka raba ma'anonin. Marubucin da bai lura da wannan ba yana iya sa jarumarsa ta yi nadama a inda yake son ta yi alkawari.

KURAKURAN DA NAKE GANI A RUBUTUNMU

Zan faɗe su ba don na fi kowa ba, duk na aikata su, wasu ma har yanzu ina kama kaina.

Na ɗaya, ganga marainiya. Wannan ta cika labaran da muke turawa a WhatsApp da Facebook: "Bayan da Hajiya ta fito daga ɗaki tana gyara mayafinta. Ta dubi Zainab." An dasa aya a inda waƙafi ya kamata ya zauna, an raba 'ya da uwarta. Gyaran kuwa ba wuya: "Bayan da Hajiya ta fito daga ɗaki tana gyara mayafinta, sai ta dubi Zainab." Ban ce ganga dogarau ba ta taɓa tsayawa ita kaɗai ba. A cikin zance tana yi, kuma tana yin daɗi. Mata ta ce, "Yaushe za ka biya kuɗin makarantar?" miji ya ce, "In an yi albashi." Wannan daidai ne, domin tambayar ce bangon da amsar ta jingina da shi. Abin da nake ƙi shi ne wanda aka yi bisa rashin sani.

Na biyu, "wanda" mai yawo ba uban gida. "Ya ƙi zuwa bikin, wanda hakan ya ɓata mata rai, wanda ya sa ta tafi gidansu." Wannan which ce ta Turanci aka sa mata hula. Bature yana amfani da which ya nuna dukan maganar da ta gabata, mu kuma muka ɗauko muka liƙa wa "wanda". Tambayi kanka, wannan "wanda" wa yake wakilta? In ba ka sami suna namiji tilo a gabansa ba, to baƙo ne. Kakarka cewa za ta yi, "Ya ƙi zuwa bikin. Abin ya ɓata mata rai, ta kwashi kayanta ta tafi gidansu." Irin wannan "wanda" ce ta sa ƙanwata ta kasa gane wanda ya yi mari a labarina.

Na uku, "inda" ba wuri. Mun saba jin "ya ziyarci asibitin, inda ya duba marasa lafiya", kuma wannan daidai ne, domin asibiti wuri ne. Amma yanzu sai ka ga an rubuta "Ta yi shiru, inda ta ce ba za ta je ba" ko "Ya fusata, inda ya mare shi." Fushi ba wuri ba ne. Wannan salon fassarar labarai ne da ya malalo cikin ƙagaggen labari. "Ya fusata ya mare shi" ta fi gajarta, ta kuma fi zafi.

Na huɗu, "cewa" a ko'ina. Duk inda Bature zai sa that, sai mu sa "cewa". "Na san cewa ya ce cewa zai zo." Hausa tana barin ta a wurare da yawa: "Na san ƙarya yake yi." "Ta ce ba ta zuwa." Musamman bayan "ce", ƙara "cewa" maimaici ne kawai.

Na biyar, gina ganga a inda Hausa take da gajeriyar hanya. Bature yakan ce "the woman who sells masa". Mu "mai masa" ta ishe mu. "Mutumin da ba shi da kunya" kalma shida ce, "marar kunya" biyu. "Lokacin da ya fita" ba laifi, amma ku ji "fitarsa ke da wuya, sai ga mai bin bashi", ko "da shigarta ɗakin ta san an taɓa akwatin". Wannan dabara ta mayar da aikatau suna tana cikin kayan adon Hausa, kuma tana ɓacewa daga rubutunmu saboda Turanci ba ya tuna mana da ita. Duk wanda ya taɓa shiga gasar gajerun labarai, irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ya san ana ƙayyade yawan kalmomi. Kowace "wanda hakan ya sa" da ka bari, gurbin wani abu mai amfani ta cinye.

GA MASU CEWA BA A BUƘATA

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini a taron ƙungiya. Na farko: "Kakanninmu da suka yi mana tatsuniya ba su san wata ganga ba, kuma Hausarsu ta fi tamu." Gaskiya ne, ban musa ba. Kai, karin maganarmu ma da ganga dogarau aka gina da yawa daga cikinsu. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa", ga gangar sharaɗi. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba", ga ganguna biyu a jimla ɗaya. Har ma Bahaushe ya ɗauki ganga sukutum ya mayar da ita suna, ya ce da-na-sani ƙeya ce. Amma ku tuna abu biyu. Kaka da baki take magana, tana da murya da numfashi da hannu da za ta nuna inda ganga ta fara da inda ta ƙare. Kai ba ka da komai sai aya da waƙafi. Sannan kunnen kaka Hausa zalla ya sha tun yarinta. Namu kunnen ya sha Turancin aji da fassarar labarai da rubutun waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa ya riga ya tsage. Abin da ita ta samu kyauta, mu sai mun neme shi da gangan.

Na biyu: "Me ya haɗa marubucin Hausa da nahawun Turawa?" Nazarin ginin jimla ba gadon Turawa ba ne. Tun kafin zuwansu malamanmu suke karantar da nahawu a zaure, har Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a fannin mai suna Bahrul Muhiɗ. Na yarda da masu wannan ƙorafi a kan abu guda: akwatunan nan uku don Turanci aka ƙera su, ba kullum Hausa take shiga cikinsu daidai ba. "What she said" a Turanci gangar suna ce, amma "abin da ta faɗa" in ka warware shi za ka ga suna ne, wato "abu", da gangar sifa a bayansa. Saboda haka ban ce a auna Hausa da mudun Turanci ba. Cewa na yi a san mudun, don a gane shi in an zo auna mana da shi.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙarfi: "Masu karatu ba ruwansu, labari suke bi." Eh, akwai masu bin labari ko yaya aka rubuta shi, musamman in ana sakin sa kullum shafi-shafi. Amma mai karatu ba ya cewa "gangarka ta karye". Cewa yake yi "labarin ya gundure ni", ko ya tsallake sakin layi, ko ya daina buɗewa bai faɗa maka dalili ba. Alƙalin gasa da mai tace littafi kuwa tun a shafin farko suke ganewa. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yara da yawa a yau rubutunmu ne Hausar da suka fi karantawa, ba littafin makaranta ba. Abin da muka rubuta shi za su ɗauka daidai, shi kuma za su rubuta gobe.

In kuna son ganin yadda gwani yake yi, ku koma ga Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Imam ya san Turanci sarai, a Zariya ya yi aiki tare da Rupert East, shi ne kuma editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Wasu labaran littafin ma daga na wasu al'ummu ya samo tushensu. Duk da haka ku karanta shafi guda da ƙarfi, ku lura da yadda "da" da "sai" da "ko da" suke tura labari gaba, ganga tana miƙa wa ganga, ba ka jin ƙamshin fassara. Sanin Turanci bai ɓata masa Hausa ba, domin ya san inda kowanne ya tsaya.

AIKIN WANNAN MAKO

Kada mu tashi hannu rabbana. Kowa ya ɗauki shafi ɗaya daga rubutunsa, ba na wani ba. Ka ja layi a ƙarƙashin kowace ganga da ta fara da ɗaya daga waɗannan: da, wanda, wadda, waɗanda, inda, yadda, cewa, idan, kafin, bayan da, saboda, domin, ko da yake. Sai ka yi wa kowacce tambaya. Shin "mene ne?" take amsawa, ko "wanne?", ko kuwa "yaushe, ina, don me, yaya?" Daga nan ka nemo bangon da ta jingina da shi. In ba ka same shi ba, marainiya ce, ka haɗa ta da uwarta. In "wanda" ce, ka duba ko ta dace da jinsi da adadin sunan da ke gabanta. In "inda" ce, ka tabbata akwai wuri. A ƙarshe ka ba wani ya karanta maka da ƙarfi kana saurare, kada ka taimake shi. Duk inda ya yi tuntuɓe, akwai gyara a wurin.

Ni na yi wa nawa labarin haka. Jimlar nan mai "wanda" huɗu ta koma jimla uku, "wanda" ɗaya ce ta tsira. Na sake ba ƙanwata ta karanta, ta wuce ba ta tsaya ba, sai da ta kai ƙarshen shafi ta ce, "Ashe kishiyar ce ta yi marin. To me ya faru bayan nan?"

Wanda ya yi aikin ya turo mana jimla ɗaya a ƙasa, yadda take da da yadda ta koma, mu duba tare. Malamanmu na Hausa da ke cikin wannan zaure, inda na yi kuskure a gyara mini, ɗalibi nake. Wanda kuma bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.

Ɗan'uwanku,
daga Unguwar Dosa, Kaduna.